Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Sa Ido Kan Kasuwannin Kuɗi: A Raba Katin Bashi Da Cinikin Yini

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni akanta ne, na kwashe shekaru ina duba littattafan kuɗi na mutane da na ƙananan kamfanoni, kuma ban taɓa tsammanin littafin da zai hana ni barci daga cikin gidanmu zai fito ba. Ƙanena ne dalilin wannan wasiƙa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan ambaci sunansa ba, ba kuma zan ambaci kamfanin dillancin da ya yi hulɗa da shi ko bankunan da suka ba shi kati ba, don ba ƙara na kawo ba. Na bi takardun layi-layi ban ga inda aka karya doka ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Wata rana da dare ya shigo ya ajiye mini takardun bayanin katunan bashi guda uku, ya ce, "Yaya, duba mini, ina jin akwai kuskure a lissafin nan." Na duba har aka kusa asuba. Babu kuskure ko na sisin kwabo. Cikin wata bakwai ya ci bashin da ya haura albashinsa na shekara guda, kuma kusan duka wuri ɗaya ya tafi, wata manhajar wayar salula inda ake abin da samari ke kira tiredin. Ni cinikin yini nake ce masa. Mutum ya sayi hannun jari ko kuɗin wata ƙasa ko kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, da safe, ya sayar kafin yamma, wani lokacin ma kafin minti biyar, yana farautar ɗan motsin farashi. Ba ruwansa da abin da kamfanin ke ƙerawa, ba ya jiran ribar ƙarshen shekara. Yana hasashen ko layin da ke kan allo zai hau ko zai sauka ne kawai.

Ban zo wanke shi ba. Baligi ne, yana da ilimi, ba wanda ya ɗora masa wuƙa a wuya. Kwaɗayi ya ja shi, kunya ta hana shi magana da wuri, kuma na faɗa masa haka ido da ido. Amma da na gama faɗan na koma kan takardun, sai na ga wani abu da ba halin ƙanena ba ne, tsari ne. Tsakanin katin bashinsa da asusun cinikinsa babu ko labule. Lamba goma sha shida, ranar ƙarewar kati, lambobi uku na baya, shi ke nan kuɗin da bai mallaka ba sun shiga kasuwa cikin daƙiƙu. Wannan ƙofar nake roƙon ku rufe.

Bari in fara da lissafi, tunda shi na iya.

Bankuna da yawa ba sa ɗaukar irin wannan zubi a matsayin sayayya. Suna lissafa shi tamkar mutum ya ciri tsabar kuɗi da katin. Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya sayi kaya da kati yana da 'yan makonni na sarari, in ya biya duka a cikinsu ba a ɗora masa kuɗin ruwa. Wanda ya ciri tsaba ba shi da wannan sararin. Ana fara yankar masa caji na kashi 3 zuwa 5 cikin 100 nan take, kuɗin ruwa ya fara hawa tun daga ranar, kuma yawanci ya fi na sayayya tsada. A Amurka, inda bashin kati ya haura dala tiriliyan ɗaya a 2023, matsakaicin kuɗin ruwan kati ya wuce kashi 20 a shekara, na cirar tsaba kuwa yakan doshi 30. A ƙaddara mutum ya zuba dala 5,000. An cire 250 na caji. Kuɗin ruwa a kan kashi 30 ya kama dala 125 duk wata, 1,500 a shekara. Jimla 1,750, wato kashi 35 na uwar kuɗin. Sai ya ci ribar kashi 35 a shekarar farko kafin a ce bai ci ba kuma bai faɗi ba.

Wa ke cin wannan ribar a duniya? Manyan kamfanoni 500 na kasuwar Amurka, in aka haɗa su aka duba tsawon shekaru masu yawa, abin da suke bayarwa bai wuce kusan kashi 10 a shekara ba. Warren Buffett, attajirin Amurka da ake buga misali da shi a zuba jari, kamfaninsa ya riƙa haɓaka da kusan kashi 20 a shekara tun daga 1965, kuma wannan ne ya sa duniya ta san sunansa. To yaron da ke zaune da waya a hannu da katin bashi a aljihu, sai ya kere Buffett nesa ba kusa ba kafin ya mayar wa banki kuɗinsa kawai. Ba wanda ya gaya wa ƙanena haka a lokacin da yake danna maɓallin zubi. Abin da allon ya nuna masa shi ne an yi nasarar shigar da kuɗi.

Banki ne baki na farko da ke cin jarin. Na biyu dillali ne. An daina maganar la'ada a manhajoji da yawa, ana tallata cewa ciniki kyauta ne, amma akwai rata tsakanin farashin da za ka saya da wanda za ka sayar a daidai wannan daƙiƙar, kuma ratar nan aljihun wani take faɗawa. Ba ta da yawa a ido. Mu ce kashi ɗaya cikin dubu goma ce kacal. Sai dai dillalin yana ba mutum damar juya abin da ya ninka jarinsa, a ce sau 30, don haka mai dala 5,000 yana wasa da 150,000. Ratar nan a kan 150,000 dala 15 ce. In ya shiga ya fita sau goma a yini, 150 ke nan. A kwanakin kasuwa ashirin na wata, dala 3,000 sun tafi daga cikin 5,000, ko da hasashensa bai taɓa kuskure fiye da daidai ba. Mai cinikin yini kuwa sau goma ba komai ba ne a wurinsa. Na ga ranar da ƙanena ya wuce talatin.

Kun fi ni sanin abin da bincike ya nuna, wasu rahotannin ma daga ofisoshinku suka fito, amma zan maimaita don masu karatun da ba su taɓa gani ba. Brad Barber da Terrance Odean da abokan aikinsu sun bi bayanan kasuwar Taiwan daga 1992 zuwa 2006, suka tarar waɗanda ke iya cin riba a kai a kai bayan an cire caji ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu cinikin yini ba. A Brazil, Fernando Chague da abokan aikinsa biyu sun bi mutanen da suka fara tsakanin 2013 da 2015. Cikin waɗanda suka jure fiye da kwana 300, kashi 97 asara suka yi, kuma kusan kashi 1 ne kawai suka samu abin da ya wuce mafi ƙarancin albashin ƙasar. Wannan sakamakon ya fi sauran tsaya mini a rai, domin amsa ce ga maganar da kowane mai asara ke yi, cewa har yanzu koyo yake, da sannu hannunsa zai faɗa. Waɗannan su ne suka daɗe suna koyon. Hukumar SEBI ta Indiya ta fitar a 2024 cewa bakwai cikin goma na ɗaiɗaikun masu cinikin yini a hannun jari asara suka yi. Hukumar ESMA ta Tarayyar Turai kuma ta ce a 2018 kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan masu cinikin CFD, wato kwangilar da ake ci ko a biya bambancin farashi ba tare da an mallaki kayan ba, faɗuwa suke yi.

Duk waɗannan alƙaluma a cikin asusun ciniki suka tsaya. Ba su ƙirga kuɗin ruwan da ke taruwa a kan katin wanda ya ranto jarinsa ba. In an ɗora shi, ɗan tsirarun da suka tsira da ƙaramar riba ma da yawansu za su koma sahun masu asara.

Yanzu ga maganar da na fi so ku saurara. Ranar 15 ga Janairu 2015, babban bankin Switzerland ya janye iyakar da ya sa wa kuɗinsa a kan yuro ba tare da sanarwa ba. Cikin mintuna kuɗin ƙasar ya yi tsalle da kusan kashi 30. Masu ciniki da jarin da aka ninka musu suka wayi gari ba jarinsu kaɗai ya ƙone ba, har dillalai na bin su bashi. Kamfanin dillanci na FXCM ya ce abokan cinikinsa sun rage da bashin kusan dala miliyan 225, reshen wani dillalin, Alpari, na Birtaniya kuwa ya durƙushe. Bayan wannan, a 2018, ESMA ta ɗauki matakan da na yaba. Ta ƙayyade ninkin jari, sau 30 a manyan kuɗaɗen duniya, sau 2 kacal a kirifto. Ta wajabta wa dillali rufe cinikin mutum in jinginarsa, wato kuɗin da ya ajiye don riƙe cinikin, ta zaizaye zuwa rabi. Ta sa a riƙa rubuta yawan masu asara a jikin talla. Mafi muhimmanci, ta ce ba za a bi ƙaramin mai ciniki abin da ya wuce kuɗin da ke asusunsa ba. Wasu ƙasashe suka bi sahu.

Yau dillalai da wannan suke tinƙaho: ba za ka yi asarar abin da ya fi wanda ka zuba ba. Maganar gaskiya ce ga mai zuba nasa. Ga wanda ya zuba na kati kuwa, ba cinya ba ce ƙafar baya. Asusunsa na ciniki ya tsaya a sifiri kamar yadda doka ta ce, amma sifirin nan yana da ɗan'uwa a wata takardar, bashin dala 5,000 da ke haihuwa duk dare. Kun hana dillali bin sa bashi, banki kuwa yana nan da nasa, kuma na banki ya fi tsada. Duk kariyar da aka gina an gina ta ne a kan zaton kuɗin da ya shiga asusun rarar mutum ce, abin da in ya salwanta zai yi baƙin ciki ya ci gaba da rayuwarsa. Katin bashi ya rushe wannan zaton tun daga tushe. Sannan ku duba iyakar ninki da kanta. An ce sau 30 ne a kan jarin mutum. Wanda bai sa ko sisi nasa ba, sau nawa aka ninka masa? A littafin akanta ba a raba lamba da sifiri. Bashi ne a kan bashi, na ƙasa daga banki, na sama daga dillali, kuma motsin farashi na kashi 3 da 'yan kai ya isa ya share na ƙasan gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya kamawa sai ka zauna da mutumin. Mai ciniki da kuɗinsa yana da wani makami guda, wato haƙuri. In kasuwa ba ta yi masa ba yau, sai ya rufe waya ya dawo mako mai zuwa. Mai ciniki da kati ba shi da wannan. Kasuwa ba ta san ranar biyan kati ba, katin kuwa yana da ranarsa kowane wata. Da ranar ta matso sai ƙanena ya daina neman cinikin da ya dace, ya koma neman wanda zai kawo adadin da ake bin sa kafin Juma'a. Sai ya ƙara girman abin da yake sa wa, ya cire iyakar asarar da ya saita da hannunsa don kada a rufe shi kafin farashi ya juyo. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan hali tun 1979: mutum yana taka-tsantsan in yana kan riba, amma in yana cikin asara sai ya rungumi kasadar da da can ba zai kalle ta ba, don dai ya dawo inda yake. Ba ciwon jahilai ba ne. Nick Leeson ƙwararre ne, ma'aikacin banki a Singapore, garin bin asara don ya rufe asara ya jawo faɗuwar fam miliyan 827, ya kifar da bankin Barings a 1995 bayan ya shekara fiye da 230 a tsaye. Leeson sai da ya ɓoye takardu kafin ya samu kuɗin ci gaba. Ƙanena bai buƙaci ɓoye komai ba, kati na biyu kawai ya zaro.

Na jera lokutan zubin nasa kusa da lokutan da aka rufe masa ciniki. Nan ne jikina ya yi sanyi. Mafi yawansu ba su kai rabin awa tsakani ba. An share shi ƙarfe ɗaya da minti goma na dare, ya sake zubi ƙarfe ɗaya da minti goma sha huɗu. Akwai daren da ya yi haka sau huɗu, kowane zubi ya fi na baya girma. Duk wanda ya ga wannan jerin, ko bai san komai game da kasuwa ba, ya san abin da yake kallo. Kwamfutar dillalin ta gani. Ta bankin ma ta gani, ita da ke iya tare kati cikin daƙiƙa in an yi sayayya daga wata ƙasar da ba a saba ba. Babu wadda ta ce uffan. Kati na farko ya cika, ya riƙa cira daga na biyu yana biyan mafi ƙarancin abin da ake nema a na farkon, don haka a idon bankuna shi mai biya ne a kan lokaci.

Ban ce an haɗa baki ba. Ba a ma buƙatar haɗa baki inda kowa ke da rabonsa. Banki ya ci caji da kuɗin ruwa. Dillali ya ci rata, kuma a cinikin CFD sau da yawa shi kansa kamfanin ne ke ɗaya gefen cinikin, don haka in bai mayar da kasadar wani wuri ba, faɗuwar abokin cinikinsa riba ce gare shi. Mai tallan da ke nuna mota da agogo a bidiyo ya ci kamasho a kan kowane mutum da ya bi ta hannunsa ya yi zubin farko. Mutum ɗaya ne a cikin jerin yake biyan kowa. Ku kuwa aikinku ke nan, ku tsaya masa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da nake nema ba sabon abu ba ne, an yi shi a wurare an gani. A Amurka, ƙungiyar NFA da ke kula da dillalan canjin kuɗi da kwangilolin gaba ta hana karɓar katin bashi daga ƙananan masu ciniki tun 2015. A Fabrairun 2018, bayan Bitcoin ya doshi dala 20,000 a Disamba sannan ya fara rikitowa, bankunan JPMorgan Chase da Bank of America da Citigroup suka hana sayen kirifto da katunansu na bashi, Lloyds ma ya yi haka a Birtaniya. Ba tausayi ya sa su ba, tsoron kada a kasa biyan su ne, amma sun nuna abu ne da ake iya yi cikin kwana ɗaya in an ga dama. Birtaniya ta haramta caca da katin bashi daga 14 ga Afrilu 2020, Ostireliya ta yi haka ga cacar intanet a 2024. Sai dai haramcin Birtaniya bai taɓa cinikin CFD ba, saboda ba hukumar caca ke kula da shi ba. Ga abin mamaki: mutum ba zai iya sa fam goma na kati a kan wasan ƙwallo ba, amma dokar ba ta hana shi sa dubbai a kan inda farashin zinariya zai nufa nan da minti biyar ba. Ba na son in shiga gardamar ko cinikin yini caca ne ko ba caca ba ne. Ku kira shi duk abin da kuka ga dama. Dalilin da ya sa aka hana wancan, wato mutum na bin asara da kuɗin da ba nasa ba, yana nan daram a wannan.

Don haka roƙona na farko, kuma shi ne babba: a hana duk dillalin da ke da lasisinku karɓar zubi daga katin bashi. A haɗa da ɓarauniyar hanya, inda ake loda kuɗin kati a walat ta intanet sannan a tura wa dillali. Birtaniya ta yi tunanin wannan a dokarta ta caca, ta ɗora wa kamfanoni nauyin tabbatar da cewa kuɗin walat ba daga katin bashi suka fito ba. Sai a kwafa.

Za a ce mini dillalai da yawa ba a ƙarƙashinku suke ba, suna rajista a wani tsibiri mai nisa, hannunku ba ya kai musu. Haka ne. Amma bankin da ya ba da katin a ƙarƙashinku yake, ko na takwarorinku masu kula da bankuna. Kowane biya da kati yana tafe da lamba huɗu da ke nuna irin sana'ar mai karɓa. Ta gidajen caca 7995 ce, ta dillalan hannun jari 6211. Da wannan lambar bankuna ke tare caca a inda aka hana ta. A umarce su su tare ta biyun ma a kan katin bashi, a kuma hukunta kamfanin da ya yi rajista da lambar ƙarya. Dillalin na iya zama a ko'ina cikin duniya, kuɗin dai sai sun bi ta bankin gida kafin su kai gare shi. Na san wannan yana buƙatar masu kula da kasuwa da masu kula da bankuna su zauna teburi ɗaya, abin da ba kasafai suke so ba. Tsakanin ofisoshin nan biyu ne ƙanena ya faɗa, kowanne yana ganin rabin hoton kawai.

Za a kuma ce mutum baligi yana da 'yancin yin abin da ya ga dama da bashinsa, kuma wanda ya ƙudura sai ya je na'ura ya ciri tsaba ya zuba a asusunsa na banki ya turo. Na yarda da rabin farko fiye da yadda kuke zato. Ba na neman a hana kowa cinikin yini, wanda ke da rararsa ya je ya gwada sa'arsa. Rabi na biyun ma gaskiya ne, wasu za su zagaya. Amma ku koma kan lokutan da na ambata. Minti huɗu ne tsakanin faɗuwa da sabon zubi. Da sai ya tashi ya sa takalmi, ya fita neman na'ura da tsakar dare, ya ci karo da iyakar abin da ake iya cira a yini, ya jira kuɗin su shiga asusu washegari, da zuciyar ta huce kafin nan. Ba kowane dare ba, amma a darare da yawa. Na tambaye shi wannan kai tsaye, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, da safe ban taɓa zubawa ba." Na koma na duba, kusan haka ne.

In kun ga haramci ya yi muku nauyi a yanzu, akwai abin da ba ya buƙatar jiran majalisa. A sa jinkirin awa 24 tsakanin zubin kati da fara ciniki da shi. A hana sake zubi da kati a ranar da aka share asusun mutum. A tilasta wa manhaja ta nuna, a kan allon zubin kansa, da lambobi manya, abin da wannan kuɗin zai ci a wata da kuma a shekara. Gargaɗin da ake rubutawa yanzu a ƙasan talla, cewa kashi kaza na masu ciniki suna asara, ƙanena ya haddace shi. Kowa yana karanta shi ne yana lissafa kansa cikin ragowar. Sannan ku nemi dillalai su ba ku alƙaluman asusun da ake cikawa da katin bashi, nawa ne, nawa suka yi asara, a cikin wata nawa, ku buga kowa ya gani. Suna da su a ajiye. In na yi kuskure, alƙaluman za su ƙaryata ni, kuma zan yi murna.

Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan da wancan daren. Ya sayar da motarsa, mun haɗa bashin uku wuri ɗaya a kan kuɗin ruwa mai sauƙi, kuma in komai ya tafi daidai zai gama biya nan da shekara uku. Matarsa ta sani, daga bakinsa ta ji, wannan shi ne sharaɗin da na gindaya kafin in sa hannu. Manhajar har yau tana aiko masa da saƙo cewa an yi kewarsa, kasuwa tana motsi. A watan jiya ɗaya daga cikin bankunan ya rubuto yana taya shi murna, an ƙara masa iyakar abin da zai iya ranta saboda yana biya a kan lokaci.

Ya kawo mini wayar ya ce in tsaya kusa da shi ya kira su. Ya ce a mayar da iyakar yadda take, aka mayar. Sai ya tambaya ko za a iya toshe masa katin daga biyan kamfanonin ciniki gaba ɗaya, shi da kansa yake roƙo. Matar da ta ɗauki wayar ta yi masa magana cikin ladabi, ta ce ya ɗan jira ta duba. Da ta dawo ta ce suna da maɓallin toshe gidajen caca, in yana so ta kunna masa yanzu, amma na dillalan kasuwa babu shi a tsarinsu.

Ina jiran amsarku.

Naku cikin girmamawa,
Wani akanta, yayan mai bashi